Dutsen Shinkafa a Bayan Murhu

Suk-yin ba ta manta ranar da ta fara haɗuwa da Fok Kam-wing ba, domin ranar ce ta yi asarar farar rigarta. A wani gidan shayi ne na unguwar Sham Shui Po, da tsakar rana, wuri ya cika har ana haɗa baƙi a tebur ɗaya. Tana zaune da littafinta tana jiran taliya, sai saurayin da ke fuskantarta ya ajiye cokali ya ce ta tashi. Wai ta ba ƙofa baya, kuma duk wanda ya ba ƙofa baya, sa'arsa takan wuce ta bayan wuyansa ba tare da ta gaishe shi ba. Ya ce shi ya san waɗannan abubuwa, ya karanci fung shui, ilimin zaman iska da ruwa a cikin gida. Don kunya ta tashi suka yi musayar kujera. Ko zama ba ta gama yi ba ma'aikacin shagon ya yi tuntuɓe, kofin shayi mai madara ya sauka a kafaɗarta.

Kam-wing ya dubi rigar, ya dubi ƙofa, ya ce ai ta gani, da a can take zaune da tafasasshiyar miya ce za ta zubo mata. Sannan ya cire kwat ɗinsa ya yafa mata, ya fita cikin ruwan sama da 'yar shara. Wannan kwat ce ta sa ta amsa wayarsa washegari.

Tun daga nan yake zuwa shagon maɓallai da zare inda take aiki, yana surutu tana saurare. Ita ba mai magana ba ce. Ko da mahaifiyarta, Yau Tai, ta titsiye ta a kan ko da gaske wannan mai bakin take so, sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen riga. Da Kam-wing ya kama hayar wani ɗan gida a can saman tsohon bene a Cheung Sha Wan, ya zo da maganar aure, Yau Tai ta gindaya sharaɗi. Ta ce ta je wurin mai zaɓen ranaku, an ba ta ranar shiga gida da sa'ar kunna wutar farko, sa'ar maciji, wato daga hantsi zuwa kafin rana ta take. In butar farko ta tafasa a murhun gidan cikin wannan sa'a, za ta koma a zaɓi ranar biki. In ba ta tafasa ba, an rufe magana bana. Shekara mai zuwa kuwa a lissafin masu zaɓen ranaku makauniya ce, marar sa'a, babu mai hankalin da ke aurar da 'yarsa a cikinta.

Tafasa ruwa ne kawai. Suk-yin ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama.

Matsalar ita ce wanda ya zauna a gidan kafin su ya rushe bangon kicin ya sa gilashi mai kauri tun daga ƙasa har rufi, da ƙofar gilashi da ake turawa gefe. Murhun gas ɗin kuma a jikin gilashin yake. Yau Tai tana shiga ta gani ta taɓe baki, ta ce murhu ba shi da dutse a bayansa, wuta na jingine da abin da ake hango falo ta cikinsa, arziki zai riƙa tsiyayewa. Ta ce a sa labule mai kauri, ko a kira wani sifu, masanin abin, ya duba.

"Mama, a kira sifu ina tsaye?" in ji Kam-wing. "Ai kamar a kira mai kamun kifi ne ya koya wa kifi iyo. Ki ba ni gidan nan, ranar da za ki dawo, kuɗi da kansu za su riƙa hawo bene ba sai sun jira lif ba."

Karatun nasa dai na waya ne, sai wani aji na ƙarshen mako da ya daina zuwa bayan ya gyara wa malamin zance. Amma yana da faifan kamfas mai jan baki da rubutu zagaye-zagaye, wanda ya saya a gefen titi kusa da rumfarsa ta sayar da rigunan waya.

Ya tsaya a tsakiyar kicin da faifan a tafin hannu, allura ta nuna firij. Ya juya, ta sake nuna firij. Ya ce firij ɗin nan ɓarawo ne, ya haɗiye arewa. Suka tura shi falo, arewa ta bi shi. Suka tura shi ɗakin kwana, inda ya tare rabin gado, sai allura ta koma nuna bututun ƙarfe na bayan famfo. Kam-wing ya sanar cewa gidan arewa biyu gare shi, kuma a duk yankin Kowloon da wuya a sami irinsa. Suk-yin ta tambaya a hankali ko ba labulen za a sa ba. Ya shafa kanta ya ce labule na talakawan ilimi ne.

Ya rufe babban murhu da kwali, ya sayo ƙaramin na tafi-da-gidanka mai gwangwanin gas, domin ya riƙa yawo da shi har ya sami gurbinsa. Ya ajiye shi hagu, sai ga shi yana kallon famfo. Wuta da ruwa suna kallon juna, in ji shi, mata da miji kenan kullum cikin faɗa. Maimakon ya matsar da murhu sai ya ɗauko sifana ya kwance famfo, bai tuna da rufe ruwa ba. Kafin ya gano inda ake rufewa, ruwa ya bi ta ƙasa ya sauka a rufin tsoho Szeto da ke hawa na ƙasa. Tsohon ya hawo da silifas jiƙe yana tambayar wanda ya buɗe kogi a kansa. Kam-wing ya yi masa murna, ya ce ruwa dukiya ne, kyauta ya aika masa. Szeto ya ce in ya ƙara aiko masa da dukiya, da hannunsa zai maido masa ita a bokiti.

Aka toshe bututu da dunƙulen roba. Kicin ya zama babu ruwa ko ɗigo. Da Suk-yin ta ce ina za a riƙa wanke kwanuka, ya ce a banɗaki, zaman lafiyar aure ya fi ƙarfin 'yar tafiya.

Ya mai da murhu dama, gefen taga. Tagar tana kallon tagar kicin ɗin Pang Tai, matar da ke ɗaya ɓangaren benen, tsakaninsu wani rami ne mai zurfi da kowa ke shanya a cikinsa. Kam-wing ya hango kusurwar na'urar sanyaya ɗakinta tana nuno murhunsa kamar kibiya. Ya rataya madubi mai kusurwa takwas a waje don ya mayar mata da abinta. Da safe ya tarar Pang Tai ta rataya tsohon kasko a tagarta, cikinsa na kallon madubin. Ya ƙara madubi na biyu. Ta ƙara almakashi a buɗe. Ya liƙa hoton damisa. Ta leƙo da tsinken gashi a baki.

"Kai, ɗan saurayi, wa ya ce ka haska mini masifarka cikin tukunya?"

"Taki ce, Gwaggo, na maido miki. Ki kira ni Sifu Fok."

"Sifu? Ba kai ka sayar wa jikata rigar wayar da ta narke a aljihu ba?"

"Aljihun ne yake kallon kudu."

Ta ce ta shekara talatin tana soya kifi a wannan taga, ta ga masu haya iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kwana da firij ba. Ta rufe tagarta da ƙarfi.

Bayan ya zagaye kicin kaf, gurbi ɗaya ya rage wa murhu, wato jikin gilashi, daidai inda babban yake tun farko. Kam-wing bai ga abin kunya a nan ba. Ya ce yanzu ilimi ne ya ajiye shi a wurin, da can kuwa jahilci ne. Saura dutse. Ya ce me zai sa ya nemi dutsen banza alhali akwai dutsen da ake ci? Shinkafa daga ƙasa take, ga nauyi, ga arziki. Ya sa aka kawo manyan buhuna, ya jera su a cikin kicin tsakanin murhu da gilashi, wani kan wani, har suka wuce kansa. A can ƙololuwa ya ɗora jan allon Jo Kwan, mai tsaron murhu, wanda ke kai rahoton kowane gida sama a ƙarshen shekara. Ya ce bari shi ma ya ga gida daga bene.

Ranar shiga gida Yau Tai ta zo da wanta, Kawu Shing, da gwaggonni biyu, da dafaffiyar kaza, da lemu, da sabuwar buta cike da ruwa daga gidanta. Aka kunna turare a kusurwoyi huɗu. Maƙwabta suka cika bakin ƙofa, don labarin sifu ya riga ya zagaye benen. Kam-wing ya fito daga ɗaki cikin doguwar riga ruwan ɗorawa ta aro, hannayenta sun fi nasa tsawo. Ya ce kowa ya tsaya a falo, zai shiga shi kaɗai ya tara iskar arziki kafin a shigo da buta. Ya shiga, ya ja ƙofar gilashi da ƙarfi irin na masu iko.

Dutsen ya girgiza. Buhu ɗaya ya zame daga gefe ya zauna daram a kan hanyar da ƙofar ke bi, wani ya hau kansa.

Kawu Shing ya ja ƙofa, ba ta motsa ba. Ya kira wani ƙaton maƙwabci suka ja tare, ba ta motsa ba. Ta ɗan wurin da buhuna ba su rufe ba ana hango Kam-wing yana magana, bakinsa na buɗewa yana rufewa, murya na fitowa kamar daga cikin randa. Wata gwaggo ta ce ya yi mata kama da kifin gidan abinci da ake nunawa da yatsa a ce a dafa wancan.

Kawu Shing ya manna baki a tsagin ƙofa ya ce ya janye buhun kawai. Kam-wing ya girgiza kai, ya ce wanda ya rushe dutsen gida ranar shiga gida ya karya bayan gidan har abada. Kowa ya juya ga Yau Tai. Ta daɗe tana tauna leɓe, sannan ta ce abin haushi, a wannan ɗaya yaron yana da gaskiya. Aka ce to a fasa gilashi. Gwaggonni biyu suka ce a tare ba a fasa komai ranar shiga gida, ko ƙwai sai an bi a hankali.

Ga wuta a ciki babu ruwa, ga ruwa a waje babu wuta, hantsi kuwa yana ta ɗagawa.

Suk-yin ta karɓi butar daga hannun uwarta, ta ratsa mutane, ta zagaya dogon barandan zuwa ƙofar Pang Tai. Ta tarar da ita a bakin tagar kicin ta ja kujera tana ɓare 'ya'yan kankana, tana kallo kamar an kunna mata talabijin. Da ta ji roƙon a tura wa Kam-wing butar ta tagarta, Pang Tai ta ce don yarinyar za ta yi, amma sai an sauke madubai da damisa. Ta buɗe taga ta faɗa masa.

"Dama yau ne ranar sauke su a lissafina," in ji Kam-wing yana kwance igiya.

"Kuma ka ce, Gwaggo, ni ba sifu ba ne."

"Gwaggo, ni ba sifu ba ne na yau da kullum."

Pang Tai ta juyo ga Suk-yin. "Yarinya, kin tabbata? Akwai ɗan ƙanwata, direban tasi, ba ya magana sai an tambaye shi."

Suk-yin ta miƙa mata butar kawai. Suka rataya ta a bakin dogon goran shanya, suka tura ta a hankali ta saman ramin, gora na lanƙwasa. Buta ta isa taga lafiya, sai dai ta ƙi shiga tsakanin ƙarafan tagar. Kam-wing ya ce ba komai, ya fito da 'yar tukunya a karkace ta tsakanin ƙarafa, ya ce su tsiyayo. Suna daf da tsiyayawa ya tsayar da su, ya ɗauko faifansa, ya ce ruwa ba ya shiga gida ta yamma, su karkato ta hagu. Suka karkata. Murfi ya faɗi, ruwa ya bi shi, buta ta bi ruwa. Daga ƙasa aka ji ƙarar ƙarfe, sannan muryar tsoho Szeto, wanda ya shanya busasshen kifinsa mai gishiri a tagarsa tun safe. Bai yi dogon zance ba, ya ce yana zuwa.

Pang Tai ta ce tana da ruwa a famfo, tana da leda, a sake gwadawa. Amma Kam-wing ya riga ya bar taga. Suk-yin ta san wannan tafiyar tasa, ta mutumin da dabara ta faɗo wa. Ta koma falo da gudu.

Ta tarar da shi ya ɗago wata babbar kwalba yana nuna wa jama'a ta gilashi. Baƙin ruwan waken suya ne na zuba wa abinci, shi kaɗai ne abu mai gudu da ya rage a kicin. Ta tsagin ƙofa ya yi bayani cewa ruwa ruwa ne, kuma a ilimi baƙi shi ne launin ruwa na asali, saboda haka wannan ya fi na buta zama ruwa. Kawu Shing ya ce a rayuwarsa dai bai taɓa jin haka ba, amma bai kuma taɓa jin an hana ba. Yau Tai ta nemi kujera ta zauna.

Don kada a ce ba a gani ba, Kam-wing ya ɗan ture buhu biyu ya yi wa dutsen taga, ya ce wannan ba rushewa ba ce, kwari ne. Ya cusa murhu cikin kwarin har ya taɓa gilashi, ya juye kwalba a tukunya, ya kunna wuta ya ƙure ta. Jama'a suka matso. Suk-yin ce a gaba, goshinta kusan a jikin gilashi, tana roƙon abin ya tafasa ko da me ne.

Ya tafasa kuwa. Ya kumburo, ya yi kumfa, ya malalo kan wuta, hayaƙi mai warin ƙonannen gishiri ya cika kicin. Buhun da ke gefe ya fara narkewa, shinkafa ta soma zuba cikin tukunya. Kam-wing ya ɗaga hannayen rigarsa yana nuna wa surukarsa nasara, yana tari. Sai aka ji wani ɗan sauti, ƙas, wani farin layi ya tashi daga bayan murhu ya nufi sama.

Shi ya fara gani. Ya kashe gas da hannu ɗaya, ya daki ƙofa da ɗayan, kuma wannan karon kowa ya ji shi sarai.

"Suk-yin, ja baya!"

Ta ja baya, ta ja uwarta da kujerar. Gilashin ya yi fari fat gaba ɗaya, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya zube ƙasa ƙanana-ƙanana kamar ƙanƙara. Dutsen da ya rasa abin jingina ya biyo shi. Buhuna suka fashe, shinkafa ta kwararo falo, ta binne kaza, ta tafi da lemu har bakin ƙofa, ta tsaya a ƙwaurin gwaggonni.

Daga cikin hayaƙi Kam-wing ya fito yana nutsewa yana zaro ƙafa, riga ta koma baƙa daga ƙirji zuwa ƙasa, allon Jo Kwan a rungume a hammata. Ya fara duba Suk-yin daga kai har ƙafa. Da ya ga ko ƙwarzane babu, sai muryarsa ta dawo. Ya ce kamar yadda kowa ya shaida, an tafasa cikin sa'a, matsalar gilashi kuma ta ƙare har abada, ga arziki ya shigo falo da kansa har gwiwa.

A daidai nan tsoho Szeto ya iso da kifi jiƙe a hannu ɗaya da lotsattsiyar buta a ɗayan. Ya dubi falon, ya manta abin da ya kawo shi, ya tambaya ko shinkafar ta sayarwa ce. Pang Tai ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce bana ko zumar Kowloon duka aka shafa wa Jo Kwan a baki don ya kai rahoto mai daɗi, sai ya faɗi abin da ya gani. Gardama ta kaure a kan ko ruwan waken suya ruwa ne. Kawu Shing ya ce rabi ruwa ne, don haka a ba su rabin aure. Wata gwaggo ta ce wane rabin.

Yau Tai ta zare takalminta daga cikin shinkafa, ta zazzage shi, ta mayar. Ba ta dubi Kam-wing ba ko sau ɗaya. Sai ta dubi 'yarta.

"Ni na ɗora maganar nan a kan buta ne don ke kin ƙi buɗe baki," ta ce. "To ga butar can a hannun Szeto, ta gama nata. Ki faɗa mini da bakinki. Wannan kike so, ko ki ɗauki jakarki mu tafi gida?"

Suk-yin ta dubi Kam-wing. Ƙwayoyin shinkafa sun manne a girarsa, ya buɗe baki zai amsa a madadinta, sai ya rufe. Ta ji hannunta ya kama gefen riga zai fara murzawa, ta sake shi. Muryarta ta fito da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba, har na bakin ƙofa suka ji.

"Shi nake so, Mama, kuma zan aure shi. In kin ce bana, bana. In kin ce sai makauniyar shekara ta wuce, zan jira shi. Na kuma yi miki alkawari a gaban Jo Kwan da mutanen benen nan, ni zan kunna kowace wuta a gidanmu har tsufa. Shi ko ruwan shayi ba zai ɗora ba, sai dai ya tsaya daga falo ya riƙa gaya mini inda arewa take."